Preben, Goggo Tove da Silimar Taga

Idan ka shigo garinmu ka ji warin cuku ya riga mutum shan kwana, to ka gyara tsayuwa, taubashina Preben ne ke tafe. Ɗan goggona ne, na girme shi da wata biyu, kuma tun muna rarrafe nake cin zalinsa da wannan wata biyun. Ya fi shekara talatin yana aiki a ma'aikatar cuku ta bakin gari, yana juya manyan curin cuku kamar mai juya jarirai, har shi ma ya ɗauki siffarsu: fari, kewayayye, kai sumul. Ƙudajen yankinmu na yammacin Jylland kaf sun san lambar gidansa. Na sha gaya masa ranar da ya mutu ba sai an wahala da akwati ba, a shafe shi da jan kaki a buga masa hatimin ma'aikata, a sa shi a kanta.

Ni kuwa sunana Bent, motar ɗaukar kaya nake tuƙawa. Ni da makaranta mun rabu tun da wuri, har yau ba a tantance wa ya kori wani ba, don haka kada kowa ya nemi dogon Turanci a wurina.

Preben maza yake so. Na san haka tun muna 'yan makaranta, don duk ranar da aka kai mu kallon ƙwallon hannu, mu idonmu na kan ƙwallo, shi nasa na kan gola. Ni bai taɓa damuna ba, sai ma daɗi da na ji, an rage mini abokin takara wajen 'yan mata. Matsalar ita ce yadda zai gaya wa uwarsa, Goggo Tove. Mu mutanen yamma ba ma magana. In gidan mutum na ci da wuta, maƙwabci ya tambaye shi lafiya, sai ya ce yau dai da ɗan ɗumi. Mutumin da ya tashi a irin wannan gari, ta ina zai fara?

Sai Preben ya yi wata dabara da har gobe nake masa dariya a kanta.

Muna da gidan silima guda ɗaya mai jajayen kujeru, na 'yan gari ne, kowa da aikin da yake yi na sa kai: wani ya sayar da tikiti, wata ta share ƙasa. Preben tun yana saurayi ya maƙale a ɗakin majigi, har aka gaji aka bar masa zaɓen finafinai. To sai ya shiga odar finafinan maza masu son maza, yana cusa ɗaya lokaci-lokaci tsakanin na kaboyi da na 'yan sanda. Ranar nunawa ya kai wa Goggo tikiti har gida, ya zaunar da ita a tsakiyar layi na uku, shi ya haye sama yana leƙen ƙeyarta ta ramin majigi. Wai fim ya yi masa magana.

Ai kuwa fim ya yi magana. Na farko daga Faransa aka kawo shi. Wani matashi ya cinye rabin fim yana kallon madubi yana tambayarsa ko shi wane ne, madubi ya yi masa banza. Ya haɗu da wani ma'aikacin jirgin ruwa, suka yi guje-guje da dariya a bakin teku, ubansa ya ji labari ya doki tebur har miya ta zube, kafin a kunna fitila yaro ya faɗa kogi. Na biyu na Ingila ne, wasu masu kwat da malafa suka shekara ashirin suna miƙa wa juna shayi. Sau ɗaya yatsa ya taɓa yatsa, aka kai ɗaya kurkuku, ɗayan ya je ya auri wata baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba. Na Amurka kuwa samari ne da sanduna a bayan mashaya. Daga baya, da shekarun cutar nan mai karya garkuwar jiki suka zo, duk finafinan suka tare a asibiti.

Ban ce ƙarya suke yi ba. Shi kansa Preben haƙorinsa na gaba na roba ne, na ainihin wani Henning ne ya zubar masa da shi a bayan ɗakin rawa muna 'yan sha tara, kuma akwai lokacin da yake hawa jirgin ƙasa zuwa jana'iza a babban birninmu København da baƙar kwat fiye da yadda nake zuwa aski. Wannan ban taɓa tsokanarsa da shi ba. Amma dai a ce duk faɗin duniya ba a samu mutum biyu da suka kai ƙarshen fim da ransu ba? Ko kaji a gidan mai biki sun fi su tsawon kwana.

Goggo Tove ta gane saƙon a fim na uku. Ana tashi ta hau matakalar nan mai tsayi zuwa ɗakin majigi, ido jawur, hankici sharkaf, ta tsaya tana haki.

"Na gane," in ji ta.

Preben ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. "Kin gane, Mama?"

"Na gane. Saura wata nawa?"

"Wata nawa na me?"

"Kada ka ɓoye mini, Preben. Ni na haife ka. Kogi ne ko asibiti?"

Tun daga ranar Goggo ta ɗauki ɗanta a matsayin majinyaci. Ba ta kore shi ba, ba ta doki tebur ba, sai dai miyar kaza da ta dinga bin sa da ita har wurin aiki. Ta saƙa masa rigunan sanyi har tumakin Jylland suka fara rawar ɗari in an ambaci sunanta. Ta hana shi zuwa bakin teku, ta hana shi tsayawa a tashar jirgin ƙasa in ana ruwa. In ya yi atishawa a arewacin gari, ita a kudu ta fara goge baƙar rigarta. Shi kuwa majinyacin sai ƙiba yake yi kamar alade a watan Disamba.

Ana haka Mogens ya iso garin. Mutumin tsibirin Fyn ne, dogo siriri kamar sandar tuta, in yana magana kamar yana rera waƙa, ya buɗe shagon gyaran keke kusa da coci. Keken Preben ya shiga lalacewa sau biyu a mako. Ni da idona na gan shi a bayan silima yana soka wa tayarsa ƙusa. Goggo ta kalli Mogens sau ɗaya ta gama karanta shi, don a duk finafinan da ta gani, wanda ya shigo da murmushi shi ne ke tafe da ajali a aljihu. Ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba. "Mai keken nan" take cewa. Da doka ta yarda, suka je ofishin magajin gari aka ɗaura musu aure, ni ne shaida, na sa taye har ya kusa shaƙe ni. Goggo ba ta zo ba. Ta zauna a gida kusa da tarho tana jiran mummunan labari.

Preben bai haƙura ba. Da zamani ya sauya aka fara yin masu kyakkyawan ƙarshe, ya yi maza ya kawo mata. Yara biyu kyawawa, ciki kamar allon wanki, aka sha wahala da iyaye da 'yan ajinsu, a ƙarshe suka sumbaci juna a kan gada, kiɗa ya tashi, fim ya ƙare. Ya sauko da gudu yana murna.

"Kin gani, Mama? Ba wanda ya mutu!"

Goggo ta fyace hanci. "Yanke shi suka yi don kada mu ga gawar. Ba ka ga gada ba ce?"

Haka aka yi ta tafiya har shekara ashirin da biyar ta cika, bikin azurfa na aurensu ya ƙarato. Kowa ya san yadda ake yi. Jajibere maƙwabta su ɗaure ƙofar gidan ma'aurata da koren ganye da furanni, a saman ƙofar a kafa allon katako mai siffar zuciya ɗauke da sunayensu biyu. Da asuba a taru a ƙarƙashin tagarsu da masu busa a tashe su da waƙa, su leƙo suna mamakin ƙarya, alhali sun kwana da sanin burodi ɗari na jira a kicin. A danginmu kuwa, tun kafin a haife ni, allon nan hannun Goggo Tove ne ke zana shi. Nata harafin mai lanƙwasa ne kamar wuyan agwagwa, makaho ma ya san shi. Ta yi wa iyayena, ta yi mini da matata Lone, ta yi wa wani ɗan uwanmu da kowa ya san matarsa ta fi son karensu a kansa. Idan allon Preben ya fito da wani hannu, duk garin zai karanta abin da ba a rubuta ba.

Na sami Preben a ɗakin majigi na ce, "Curin cuku, me ake ciki game da biki?"

"Ni ba na son hayaniya," in ji shi.

"Shi ya sa mai burodi ya ce ka yi odar da za ta ciyar da sojojin ruwa?"

"Mogens ne ke so."

"Mogens ne ya hau tsani ya yi wa saman ƙofarku fenti har sau biyu? Na gan ka, tsanin kuka yake yana neman ceto."

Ya shiga murza wani maɓalli da ba ya buƙatar murzawa. Can ya ce, "Ganye kowa zai iya ɗaurawa, Bent. Allon ne dai..." Sai ya waiga ya ce yana jin za a yi ruwa ranar Talata. A yarenmu wannan kuka ne da majina.

Na wuce gidan Goggo. Ta haura tamanin, tana tafiya da keken turawa na tsofaffi, amma bakinta ko sanda ba ya buƙata.

"Goggona ta kaina, an fara allon?"

"Ba zan yi ba."

"Haba Goggo. Kin yi wa mai kare."

"Mai kare ba ya cikin haɗari. Kai ba ka kallon fim ne, ɗan banza? Duk inda aka tara jama'a aka kunna kiɗa aka ga suna murna, kafin a kwashe faranti motar asibiti ta iso. Na riƙe yaron nan da rai shekara da shekaru da miya da ulu, ba zan zo in rubuta sunansa a katako kusa da na mai keken nan in tsokano tsuliyar dodo ba."

A nan ne shaiɗanina, wanda bai taɓa barina cikin kunya ba, ya raɗa mini magana. Na ce, "Goggo, akwai wani fim da ba ki gani ba. Irin nasu ne. Ranar Lahadi zan kai ki, ni zan sayi alewa."

Lahadi da la'asar, kaka ta yi nisa, duhu na saurin shigowa, na ɗora ta a gaban motata da butar kofi da ƙullin baƙar alewa mai gishiri. Na wuce silima ban tsaya ba. Na je na faka a tsallaken gidan Preben, daidai tagar kicin, na kashe fitila. A garinmu ba a sakin labule, wanda ya saki labule yana da abin ɓoyewa ne. Taga ga ta nan fayau da haske, ta fi allon silimarmu kyau.

"Wane iskanci ne wannan, Bent?"

"Shiii, Goggo, an fara."

Preben na feraye dankali. Mogens ya zo ya tsaya a kansa, ya ɗaga ɓawo ɗaya sama yana nuna masa kaurinsa. Ba ma jin sauti, sai na ɗauki aikin fassara. Na siranta murya na ce, "Wannan ɓawo ne ko katifa?" Na kumbura murya na ce, "In ka iya zo ka yi, sandar tuta." Mogens ya fizge wuƙar.

Goggo ta damƙe hannuna. "Ga wuƙar nan! Na faɗa!"

Mogens ya ci gaba da feraye dankali.

Can Mogens ya kama tari. Goggo ta ce, "Shi ke nan, an fara. Haka yake farawa." Sai muka ga Preben riƙe da kwalbar barkono yana dariya har tumbinsa na rawa. Jim kaɗan Preben ya hau kujera zai ɗauko tukunya a saman kabad, kujerar ta yi gefe, Goggo ta rufe ido da hannu biyu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Mogens, ko ɗaga kai daga jarida bai yi ba, ya miƙa hannu ya riƙe masa bel ta baya har ya sauko.

Suka zauna cin abinci, dankali da ƙwallon nama da soyayyiyar albasa. Kafin Preben ya ɗauki cokali, Mogens ya jawo farantinsa ya tsince albasar tsaf ya mayar nasa, yana ta surutunsa na wani abu daban. Na ji Goggo ta daina tauna alewa. Preben tun yana cikin tsumma ba ya cin albasa, ita ce ta yi shekara ashirin tana tsince masa.

Aka ci aka wanke kwanuka, aka yi gardama a kan tawul. Preben ya zauna a kujera, barci ya sace shi baki buɗe, Mogens ya zare masa tabarau ya ajiye a kan firiji.

"To yaushe za a fara?" in ji Goggo.

"An gama, Goggo. Gobe a sake nuna shi. Shekara ashirin da biyar ke nan ana nuna shi kullum, ba a taɓa sauya ko dankalin ba."

Ta sake leƙa tagar. Sannan ta ce, "Wannan ko kyauta ba wanda zai kalla. Wannan ai aure ne. Haka muka yi da mijina marigayi Aksel, sai dai shi bai taɓa tsince wa kowa komai ba."

Ba mu ankara ba sai ƙwanƙwasa a gilashi. Mogens ne da jakar shara a hannu. Goggo, mai ciwon baya da likitoci uku suka sallama, ta nutse ƙarƙashin kujera kamar kifi.

"Bent," in ji Mogens, "in za ku daɗe akwai sauran dankali. Barka da yamma, Tove."

Goggo daga ƙasa ta ce, "Ja motar nan, ɗan banza."

Har na sauke ta ba ta yi mini alkawarin komai ba. Don haka jajibere, da muka ɗaure ƙofa da ganye, na kafa wani allo da na zana da hannuna saboda tsaro. Lone ta dube shi ta ce zuciyar ta fi kama da ƙodar alade.

Da asuba, ga duhu ga yayyafi, aka cika titi da lema da tutoci. Na rantse har daga ƙauyukan da ba sa cikin taswira an zo. Shi ma Henning mai zubar da haƙori ga shi can a baya riƙe da 'yar tuta, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, Allah ya biya Preben har da riba. Masu busa sun kai ƙaho baki ke nan sai muka ji ƙiiƙii daga ƙarshen titi. Goggo Tove ce ke turo kekenta, a kwandon gaba wani abu naɗe cikin rigar sanyi.

Ta tsaya ta ɗaga kai ta kalli allona. "Wane mahauci ne ya rataye wannan? Bent, hau ka sauke shi kafin karnuka su taru."

Na hau na sauke, na kafa nata. Aka busa, aka kama waƙa, kowa da muryar da Allah ya ba shi. Tagar sama ta buɗe. Preben ya manta da mamakin ƙarya da al'ada ta ce a yi, bai ko kalli jama'a ba, ya zuro rabin jikinsa waje yana ƙoƙarin hango saman ƙofa, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Mata suka yi ihu. Wani dogon hannu ya fito daga bayansa ya cafke wandon barcinsa.

Sai ga shi ya sauko a guje ba takalmi, ya tsaya cikin ruwa ya ɗaga kai. Preben da Mogens, da harafin nan mai wuyan agwagwa, fentin ko gama bushewa bai yi ba. A inda ta saba zana fure, a ƙasan sunan Mogens, ta zana 'yar albasa.

Preben ya tsaya, ruwa na bin sanƙonsa. Da ƙyar ya ce, "Ba laifi, Mama." Mutanen gari suka fara share ido, don ba a taɓa jin ɗan yamma ya yi dogon jawabi irin wannan ba.

Goggo ba shi take kallo ba, ƙafarsa take kallo. Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya.

"Mogens!"

Titi ya yi tsit. Mai babban ƙaho ya saki wani sauti da ba zan faɗi kamarsa ba saboda akwai fasto a wurin.

"Mogens, ka bar mini yaro a cikin ruwa ba safa? So kake ya mutu?"

"Ga ta nan, Tove," in ji Mogens. Safar na hannunsa tun daga sama.

Ta karɓa ta juya ta, ta ga inda aka ɗinke dunduniyar, ta ce ɗinkin na maza ne amma zai yi. Sannan ta tura kekenta ta bi ta ƙarƙashin allon ta shige gidan, tana tambaya ko a nan sai mutum ya suma ake ba shi kofi.

Har yanzu Preben ne ke zaɓen finafinai, har yanzu Goggo na tsakiyar layi na uku. Sai dai yanzu ba a son zama kusa da ita. Watan jiya aka nuna wani, saurayi na kwance a asibiti, masoyinsa na kuka, goge na tashi, duk silima ana jan majina. Goggo ta buga ƙafarta a ƙasa ta ce da ƙarfi, "To mun ga wannan. Ina dankalin?"